Guzurin Yawon Sallah: Yadda Ake Ciyar da Iyali a Wurin Wasan Yara Ba Tare da An Ci Bashi Ba

Sana'ata girki ce. Ina dafa abincin biki da na suna a Bugaje da ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma idan makarantar Islamiyya ko ta boko za ta kai yara yawon buɗe ido Katsina ko Kano, ni ake kira in haɗa guzuri, wani lokaci har in bi motar. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kuskure guda da nake gani kowace Sallah, gida bayan gida. Maigida zai zauna ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, ya lissafa kuɗin shiga, ya lissafa na lilo. Idan uwargida ta ce, "To abinci fa, Malam?" sai ya ce a can ma ana sayarwa. Ana kuwa sayarwa, amma da farashin wanda ya san ba ka da wurin zuwa. Kafin azahar kuɗin lilo sun tafi a ruwa da lemo da gugguru, yara na kallon abin hawa suna kuka, iyaye na hararar juna, a dawo gida rai a ɓace bayan an kashe fiye da abin da aka yi niyya.

Da can ana iya yin wannan sakaci a sha. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye rabin abin da iyali suka tara, kuma a tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Ba na son a ce saboda haka yaranmu na kan iyaka su daina fita. Yaron da ya taso a Bugaje yana da haƙƙin ya ga zaki da idonsa a gidan zoo na Kano, wanda aka kafa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya hau lilo a Maryam Park da ke Katsina, in Allah ya hore ma har Magic Land a Abuja. Hanyar da za a yi hakan ita ce a yanke maganar ciki tun a gida, kafin a taka mota.

Kayan da za a tanada

Kula biyu, ba ɗaya ba: ta abinci mai zafi daban, ta ruwa da ƙanƙara daban. Idan aka haɗa su wuri guda, abincin ya huce, ruwan ya ɗumama, an yi asara biyu. Sai fulas na ruwan zafi idan akwai jariri ko tsoho mai shan shayi. Robobi masu murfi da ke rufuwa gam, ƙanana da yawa sun fi babba guda, domin duk abin da aka buɗe aka sa hannu ya fara lalacewa ke nan. Gorar roba ta mai, da wata ta yaji. Kofunan roba da cokula daidai yawan mutane. Tabarma ko darduma babba. Sabulu da buta. Ledoji na zuba shara. Ƙunshin gishiri da sukari na asibiti guda uku ko huɗu. Ƙaramin littafi da biro. Ambulan ko ƙananan jakunkuna uku na raba kuɗi. Kada a ɗauki kwalba ko tangaran, kada a ɗauki wuƙa. Duk abin da ke buƙatar yanka a yanka shi a gida, don masu binciken ƙofa ba za su bari a shiga da ita ba.

1. A ƙirga baki, a ƙirga ci

Wannan shi ne tushe, kuma shi aka fi tsallakewa. A rubuta sunan duk wanda zai shiga motar. A tafiyar Sallah ba a taɓa tashi da adadin da aka fara faɗa: ɗiyar maƙwabta za ta biyo ƙawarta, ƙanen maigida zai ce a rage masa hanya. Idan shatar mota aka yi, direba ma baki ne, kuma ba mutunci ba ne a buɗe kula yana zaune a mota yana kallo. Saboda haka a ƙara baki biyu a kan lissafi tun farko.

Bayan baki sai ci. Tafiyar yini guda zuwa Katsina ci ɗaya ne na gaske a waje, wato na rana, da ɗan abin taɓawa da la'asar. Kalaci a gida, tuwon dare a gida. Tafiyar Kano ta sha bamban. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, ga tazarar da ke tsakaninmu da Katsina, don haka mai yara kwana zai yi. Mu ɗauka mutum tara ne har da direba: abincin rana da na dare a ranar farko, kalaci da abincin rana a rana ta biyu. Ci huɗu sau baki tara, kwano 36 ke nan. Ku je wurin mai abinci mafi kusa da ku, ku tambayi kuɗin kwano ɗaya a yau, ba na bara ba, ku ninka sau 36, sannan ku ƙara sulusi a kai saboda farashin birni. Adadin da ya fito shi ne abin da tafiyar za ta ci idan komai saye za a yi. Yawancin magidanta idan suka ga lambar sai su yi shiru, kuma daga nan ne ake fara sauraron maganar guzuri.

2. A raba kuɗin gida uku, kowanne da jakarsa

Ga yadda nake yi wa waɗanda nake dafa wa. Rabin kuɗin abinci na cefanen gida ne, wato guzuri da ruwa. Rubu'i na marmarin yara ne a cikin wurin wasa. Rubu'in ƙarshe na ko-ta-kwana ne, ba a taɓa shi sai mota ta lalace, ko dare ya yi, ko abinci ya zube. Wannan jakar ta ƙarshe a ba wanda ya fi kowa riƙo a gidan, ko da kaka ce.

Dalilin rabawar a fili yake. Kuɗin da ke dunƙule a aljihu ɗaya ba a jin fitarsu. Ɗari biyu nan, ɗari biyar can, sai an laluba a ji wayam. Idan jakar marmari ta ƙare, kowa ya gani da idonsa, magana ta ƙare. A nemi canji tun a gida, ƙananan takardu. Ranar Sallah layin waya kan cushe inda jama'a suka taru, tura kuɗi ya maƙale, mai POS kuma ya ɗora ladarsa yadda ya ga dama. Wanda ya ga wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Sannan mai talla da aka miƙa wa dubu ɗaya sau da yawa zai ce ba canji, a ƙara ɗaukar wani abu, shi ke nan an sayi abin da ba a yi niyya ba.

Wanda ba zai iya fitar da kuɗin a dunƙule ba ya shiga adashi ko ya ajiye asusu tun watan Rajab. Gidaje biyu ko uku kuma suna iya karo-karo: mota ɗaya, tukunya ɗaya, kowa ya rage.

3. A yi cefane da wuri

Kayan da ba sa lalacewa, irin su tsaki, fulawa, sukari, gyaɗa, man gyaɗa, zoɓo, citta da kanumfari, a saye su kafin goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa ke rububin kayan Sallah farashi ya tashi. Mu nan Allah ya ba mu kasuwar Jibiya mai ci ranar Lahadi. Lahadi ta uku kafin Sallah ita ce ta wannan sayayya. Ɗanyen kaya kawai, albasa da attaruhu da zogale, ake bari sai jajibirin tafiya. A Babbar Sallah an huta da sayen nama: a ware rabon tafiya tun ranar suya, a ɓoye shi, in ba haka ba yara da baƙi za su gama da shi kafin ranar.

4. A zaɓi abincin da ke jure hanya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake ganin an fi cutar da yara da kyakkyawar niyya. Uwargida za ta tashi tun asuba ta yi dafa-duka mai kyau, da kifi, da kabeji da bama a kai, ta juye da zafinsa cikin leda ko roba ta rufe, a saka a bayan mota. A shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa a watan Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi a ƙasar Katsina ke haura digiri 40. Gumin abincin zai taru a murfi ya koma ciki, kafin azahar shinkafar ta fara yauƙi. Wasu su ce ai ba ta yi wari ba, a ci. Wari ba shi ne ma'auni ba. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a shinkafa wadda dahuwa ba ta kashe ƙwanta. Da zarar shinkafar ta huce zuwa ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba dafinta, kuma sake ɗumamawa ba ya kawar da dafin. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai, kuma a riƙe shi ko dai da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun ne cuta ke hayayyafa. Kuɗin da aka yi tattali a abinci kada a je a zube su a kemis.

To me za a ɗauka? Abin da kakanninmu fatake suka riƙa ɗauka: busasshe da soyayye. Nama a soya shi ƙayau har sai ya daina kumfa a mai, a tsane, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe. Dambun nama da kilishi suna kwanaki. Ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, aya, dabino, cincin, dubulan, alkaki da nakiya, duk ba ruwansu da zafi. Garin rogo da dakakken ƙuli da yaji, a ƙulla kowanne daban, idan an tashi ci a yayyafa ruwa a zuba mai da albasa a kwaɗa nan take. Manya da yawa sun fi son wannan a kan shinkafar gidan abinci, kuma yana riƙe ciki har dare. Dafaffen ƙwai a bar shi cikin ɓawonsa, a cinye shi a ranar. Burodi a saya da safen tafiya. Lemon zaƙi da yalo da ayaba suna zuwa da marufinsu daga Allah. Kankana kuwa idan an yanka ta, cikin kular sanyi za ta zauna.

Abincin tukunya da na fi yarda da shi shi ne dambun tsaki da zogale. Ana turara shi ne, ba ya jiƙe da ruwa, kuma ba a zuba masa mai sai an zo ci. Ga yadda nake yi: in tafasa ruwa in cika kula da shi in rufe minti goma, in zubar, in goge. Daga madambaci kai tsaye nake juye dambun yana tururi, in danna shi har kular ta cika maƙil, domin kular da ke rabi ba ta riƙe zafi. In shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a sama ya tsotse gumi, in rufe, in naɗe kular da tsohon bargo. Ba mai buɗe ta don leƙawa ko ɗanɗano. Idan aka buɗe da azahar tururi zai bugi fuska, ƙamshin zogale da gyaɗa ya tashi, kowa ya miƙo robarsa a zuba masa mai da yaji. Da an buɗe, a cinye. Abin da ya rage a ba almajirai ko masu gadi nan take tun yana da kyau, kada a mayar da shi mota da sunan abincin dare.

Abubuwan da ba na bari su shiga mota: duk abin da aka sa wa bama, miyar da aka haɗe da abinci, alala, ɗanwake da aka riga aka dafa, da kunun aya. Kunun aya yana da daɗi, amma cikin 'yan awanni a zafi zai yi tsami ya kumbura gora. Fura kuma a tafi da ita a dunƙule, a dama idan an samu nono mai kyau a can.

5. Ruwa ya fi abinci cin kuɗi

Mutane ba sa yarda da wannan sai sun rubuta. Yaro yana cin abinci sau ɗaya, amma yana neman abin sha duk bayan rabin awa, kuma idan ba ruwa a hannu, lemon kwalba zai nuna. Lemo mai zaƙi kuwa ba ya kashe ƙishirwa kamar ruwa.

Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka guda tana da ashirin, lita goma ke nan. A yi lissafin aƙalla lita biyu ga kowane mutum a yini, manya ma fiye. Mutum tara, jaka biyu, a ƙara jarka ɗaya ta ruwan gida don alwala da wanke hannu, kada a riƙa fasa na sha. Saye a jaka a unguwa da saye ɗaya-ɗaya a bakin lilo, bambancin ya kan ninka. Tun da wuta ba abin dogaro ba ce a wurinmu, a kai rabin ruwan wurin masu firiza mai sola kwana biyu kafin tafiya ya daskare. Shi ne zai zama ƙanƙarar kula, ya narke a hankali a sha da la'asar. Zoɓo a dafa shi da citta da kanumfari, a rage masa sukari, a ɗura a gorunan roba a daskarar da shi haka nan. Yaron da ke riƙe da gorar zoɓo mai sanyi ba ya damuwa da firijin mai shago.

Idan yaro ya fara gudawa ko amai, ko ya yi laushi leɓensa ya bushe, a kai shi inuwa a haɗa masa ƙunshin gishiri da sukari yadda aka rubuta a jikinsa. Idan babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba shi kaɗan-kaɗan. Idan bai farfaɗo ba, wasa ya ƙare, asibiti za a nufa.

6. A san dokar ƙofa kafin a isa

Wurare sun bambanta. Wasu suna barin a shiga da kula, wasu suna hana abincin waje don masu shagunan ciki su yi ciniki, wasu kuma ruwa da abincin jarirai kawai suke bari. Doka kan canza ma a ranakun Sallah. A kira ɗan'uwa da ke garin ya je ya tambaya, tare da kuɗin shiga na babba da na yaro, da ko tikiti yana ba da damar a fita a dawo. Wannan tambayar ta ƙarshe tana da muhimmanci: idan ana fita a dawo, sai a bar kula a mota a inuwa, a fito a ci, a koma.

Kada kowa ya ji kunyar kularsa. A Walt Disney World da ke jihar Fulorida ta Amurka, wurin wasan da ya fi kowanne suna a duniya, an yarda baƙi su shiga da abincinsu da abin shansu, kwalba da giya ne aka hana, kuma iyalai masu hali suna shiga da guzurinsu a jaka. Inda aka hana kuma, a bi doka. Ɓoye abinci a ƙarƙashin hijabi ko cikin zanen goyo ba dabara ba ce. Idan aka gano, mutuncin uwa ne zai zube a gaban 'ya'yanta.

7. Kada yaro ya isa ƙofa da yunwa

Duk tattalin da aka yi a baya, a nan yake tsayawa ko ya rushe. Bakin ƙofar wurin wasa ranar Sallah kasuwa ce: mai askirim yana matsa ƙahon kekensa, mai gugguru, mai alawar auduga ja da shuɗiya a sanda, mai balan-balan, mai tabarau na roba, kowa ya san tsayin idon yaro, a nan yake riƙe hajarsa. Yaron da ya sha koko da ƙarfe shida, ya yi awa biyu ko biyar a mota, ba zai wuce wannan layin salin-alin ba. Saboda haka a yi kalaci mai nauyi a gida, ɗumamen tuwo ko waina ko ƙosai da kunu. Sannan kafin a sauka daga mota, a ba kowa ƙwai ɗaya, dabino da ruwa. Minti goma ne, amma yana ceton rabin jakar marmari.

A cikin wurin, a fara da abubuwan hawa masu juyawa da masu sama da ƙasa tun ciki bai cika ba. Wanda ya ci ya ƙoshi ya hau lilo mai juyi zai amayar, an yi asarar abinci, an ɓata kayan Sallah. Bayan sallar azahar a shimfiɗa tabarma a inuwa, a wanke hannu da sabulu, musamman a gidan zoo inda yara suka dafa shingen dabbobi, a ci. Bayan ci sai kallo da hotuna da wasanni marasa jijjiga. Kada a bar yara su jefa wa birai gyaɗa da cincin. Guzuri ne ke tafiya, dabbar tana cutuwa, yaro kuma yana kai hannu inda bai kamata ba.

Wanda ya samu hali ya bar ranar Sallah da kashegarinta su wuce. A rana ta huɗu ko ta biyar cunkoso ya ragu, layi gajere ne, ana gama wasa da wuri, kuma duk awar da aka rage a wurin kuɗin ruwa da na marmari aka rage.

8. Marmarin yara haƙƙi ne, a tsara shi

Ba na goyon bayan iyayen da za su kai yaro gaban mai askirim su ce ko kallo kada ya yi. Yaron da ya shekara yana jin labari, a bar shi ya ɗanɗana. Abin da nake cewa shi ne a yi maganar tun daren tafiya. Uba ya tara su ya ce, kowa yana da abu ɗaya da zai zaɓa da kansa, ga kuɗinsa, bayan an ci abincin rana. Manyan a ba su nasu a hannu, ƙananan yaya ta riƙe musu. Kuɗin barka da Sallah da suka tara ma a ƙirga tare da su, a ce ga abin da za ka tafi da shi, ga abin da Inna za ta ajiye maka. Na sha ganin yaro ɗan shekara takwas yana zagaya masu talla yana tambayar farashi kafin ya saki naira ɗari biyunsa, alhali da kuɗin Baba ne da tuni ya nuna abu biyar. Sharaɗin guda ne: iyaye su tsaya a kan maganarsu. Idan aka ƙara wa mai kuka, sauran sun koyi hanya.

9. Idan saye ya zama dole

A fita daga harabar wurin, a yi tafiyar minti biyar ko goma zuwa inda direbobi da 'yan kasuwa ke ci. Inda layi yake, tukunya tana ƙarewa ana sake wata, abincin ba ya kwana. A tambayi farashi kafin a zauna, a faɗi na nawa ake so, kuma a ce ko da nama ko babu, tun da naman gida yana cikin jaka. Yara biyu ƙanana kwano ɗaya ya ishe su. A Kano gurasa bandashe tana ƙosarwa da kuɗi kaɗan. Tsire da balangu a sa a mayar da su wuta a gabanka. A guji yankakken kayan marmari da ke buɗe ƙuda na bi, da zoɓo ko kunun da aka ɗura a tsofaffin goruna ba a san ruwan da aka yi da shi ba.

10. Masauki, da masu tsallakawa Maraɗi

Sauka gidan 'yan'uwa yana rage kuɗin abincin dare da kalaci, amma kada tattalinmu ya zama nauyin wani. Mutum tara ba ƙaramin baƙo ba ne a gidan ma'aikaci a birni. A sanar da su tun da mako guda, a tafi musu da abin da ƙauye ya fi birni: gero, wake, daddawa, kuka, man shanu, ƙwan zabi idan damina ce, ko kaza biyu. Kada a sa shinkafar waje a cikin tsarabar. Tun 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa, kuma shingayen kwastan a hanyar Jibiya zuwa Katsina ba kaɗan ba ne. Ƙaramin buhu zai iya tsayar da mota da yara a rana. Wanda zai kama ɗaki kuma, fulas da burodi da ganyen shayi sun isa kalaci.

Wasu iyalan namu Maraɗi suke yin yawon Sallah ta Magama da Ɗan Isa, don dangi na can. An rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024, saboda haka a tabbatar da halin da hanya take ciki da takardun da ake nema kafin a tashi. A canji sefa tun a Jibiya wurin wanda aka sani. A kuma tuna can da dala ake lissafi: dala ɗaya sefa biyar ce, idan mai tuwo ta ce ashirin tana nufin sefa ɗari, jaka guda kuma sefa dubu. Da yadda naira ta faɗi, kwanon da ɗan Maraɗi ke gani da araha mai naira zai ji shi a jika, don haka guzurin wannan tafiyar ya fi na Katsina muhimmanci.

11. A kamo hanya da rana

Kowa a ƙasar Jibiya ya san dalilin da ya sa ba a son magariba ta riski mutum a hanya. Mai yini a Katsina ya tattara yara da an yi la'asar, komai roƙonsu. Mai tasowa daga Kano ya baro ta da hantsi. A ajiye ruwa leda goma da cincin da gyaɗa musamman don dawowa, a wata jaka da ba a buɗe ba tun safe, domin a tasha da kan shingaye ne gajiyayyun yara ke sa a fasa jakar ko-ta-kwana. A gida kuma a bar wa wadda ta zauna saƙon ta ɗora tuwo, kada a iso a fara neman mai shayi.

Kashegari, tun ba a manta ba, uwargida da maigida su buɗe littafin nan su rubuta abu huɗu: nawa aka kashe a kowace jaka, ruwa nawa aka sha, wane abinci ne ya ƙare tas, wane ne ya dawo. Idan dambu ya yi saura a rage mudu a tafiya ta gaba, idan ruwa ya yanke kafin la'asar a ƙara jaka ɗaya. A wanke kuloli da ruwan zafi a shanya su a buɗe don kada su yi wari, abin da ya rage a jakar ko-ta-kwana kuma a zuba shi a asusun Sallah mai zuwa.